Na Ɗaure Tunkiyata a Filin Wasan Faifai

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Yau Laraba, gwiwoyina sun ɗan sake ni, amma tarin yana nan. Ni ne Malam Garba, tsohon malamin firamare, daga Nasarawa a Birnin Kebbi.

A filin shaƙatawa na unguwarmu an kakkafa sandunan ƙarfe, kowanne da kwando da sarƙoƙi. Ashe na wasa ne: mutum ya tsaya nesa ya wurga faifan roba ya faɗa cikin kwandon. Wasan yana da kyau, kyauta ne, babu guje-guje, ga inuwar dogonyaro. Sai dai babu allon da zai gaya wa mutum abin da ake yi a wurin.

A makon jiya, ni da na ga kwando, sai na ɗaure tunkiyata a jikin sandar, na zuba mata dusa a ciki. Can sai faifai ya buge ta. Ban ko duba su waye ba, na miƙe ina zagin masu wurgin har iyayensu. Sai maƙwabcina Yohanna, mutumin Filato, ya matso ya ce, "Baba, 'ya'yana ne, kuma ni na jefa." Ya kwance tunkiyar, ya kwashe dusar da hannunsa. Na kasa kallon fuskarsa.

Tun rasuwar matata, Yohanna kaɗai ke leƙo ni, duk Talata bayan la'asar. Masu sauraro, ku ba ni shawara, da wane baki zan ba shi haƙuri a gaban yaransa?

Jiya na shimfiɗa tabarma, na dafa shayi, har aka kira magariba bai zo ba.