Giɓin da Muka Sara a Toukra

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku. Maƙwabtanmu Musulmi da kuka bar ayyukanku kuka zo kuka zauna da mu a ƙarƙashin wannan rumfa, assalamu alaikum.

Mai girma Bulama Abdussamad, shugaban unguwarmu ta Toukra, Allah ya ja kwana. Babanmu Fasto Salmanu, makiyayin wannan ikilisiya ta masu jin Hausa, da dattawan da ke zaune kusa da shi. Alhaji Ummaru da maiɗakinsa Hajiya Huseina, wadda aka ɗauko a kan kujera tun daga gida. Mamarmu Rahmatu, matar marigayi, da 'yarsu Zuwaira, da jikoki. 'Yan'uwa da kuka zo daga Amriguébé da Lamadji, da ku da kuka ƙetaro gada daga Kuseri. Sannunku da zuwa, sannunmu da rashi.

Sunana Junaidu, magatakardan majalisar dattawan wannan ikilisiya. An zaɓe ni in yi magana a kan Dattijo Ilyasu domin an san mu tare shekara talatin. Na rubuta shafi biyu na nuna wa Fasto, ya ce sun yi kyau. Sauran abin da zan faɗa bai gani ba, kada kowa ya ga laifinsa.

Ya kasance magini. Daga wani ƙauye kusa da Maradi ya zo Njamena, da cokalin gini da igiyar awo a cikin jaka, har 'yan unguwa suka daina kiran sunansa sai dai Usta, wato gwanin magini. Na taɓa ganin ya rushe bangon da ya yini yana ɗorawa, domin ya karkace da faɗin yatsa biyu. Mai gidan ya ce, "Usta, bar shi, wa zai lura?" Ya ce, "Yaranka ne za su kwana a gindinsa."

Ya kasance mai karɓar baƙo. Da na sauka garin nan ban san ko gaisuwar Larabci ba. Wata huɗu ina kwana a zaurensa, Mama Rahmatu tana zuba mini tuwo a kwano ɗaya da shi.

Ya kasance maƙwabci. Rijiyar da ke ƙofar gidan Alhaji Ummaru shi ya ɗaure mata baki, kuma duk unguwar, Kirista da Musulmi, nan muke ɗiba. Da Layya naman Alhaji yakan riga na kowa isowa gidan Usta. Da Kirsimeti shinkafar Mama Rahmatu takan riga ta kowa isa gidan Alhaji.

Ya kasance malamin ajin baftisma, kuma da yawa a cikinku a bakinsa kuka fara jin abin da zunubi yake yi wa mutum. Yakan ce zunubi yana fara raba mutum da Allah, sa'an nan ya raba shi da ɗan'uwansa, daga baya ya raba shi da kansa, har ya kasa zama shi kaɗai a ɗaki. Yakan ƙara da cewa zafinsa ya fi sauka a kan wanda bai aikata ba. Mukan gyaɗa kai, mu ce Usta ya iya koyarwa.

Nan shafi biyun suka ƙare.

Kun tuna ambaliyar shekarar dubu biyu da ashirin da biyu. Kun tuna shingen ƙasa da buhunan yashi da muka haɗu muka tayar domin kare layin ƙasa, inda gidan Alhaji yake da wasu gidaje uku. Shingen ya tare ruwan, sai ruwan ya taru ta wajenmu, ya kewaye wannan majami'a da muka yi shekara bakwai muna ginawa.

Ranar Lahadi bayan sujada, da azahar, mutane duk sun tafi babban titi ɗaukar buhuna. Mu dattawa uku muka tsaya da Usta, ruwa har gwiwa. Ni ne na yi magana.

Na ce, "Usta, in ruwan nan ya ƙara kwana biyu a gindin ginin nan, me zai faru?"

Ya ce, "Zai rushe."

Na ce, "In aka buɗe masa hanya ta can kusurwa fa?"

Ya ce, "Ruwan zai gangara layin su Alhaji."

Na ce, "Ɗan kaɗan ne, iyakarsa idon sawu. Gidan Allah ne fa muke magana."

Ya ce, "Junaidu, in na buɗe ba zan iya rufewa ba."

Ban ƙyale shi ba. Na tuna masa matan zumunta da suka ɗauko yashi a ka. Na tuna masa tubalin da ya aza da hannunsa. Na san inda zan taɓa shi, domin abokina ne. Ya ɗauki shebur. Ni kuma na je bakin hanya na tsaya ina duba ko wani na zuwa.

Giɓin da ya sara bai fi kamu ɗaya ba. Kafin la'asar ya fi ƙofar zaure faɗi. Washegari gidaje huɗu suka kwanta. Hajiya Huseina ta koma ciki ta ɗauko buhun gero, bango ya faɗo mata a ƙugu. A kwalekwale aka fitar da ita zuwa kwalta. Tun ranar ba ta sake takawa ba.

Kowa ya ce shingen ne ya ɓalle da kansa, mu kuma muka yi shiru. Har muka ɗauki shinkafa da sabulu muka kai musu tantin da aka tsugunar da su. Alhaji ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam Junaidu, Allah ya bar zumunci." Na ce amin.

Usta bai je ba. Lahadin da ta biyo aka zo da jibin Ubangiji, ya miƙa faifan gaba bai ɗauka ba. Ya daina koyar da aji. Mama Rahmatu ta same ni ta ce, "Abokinka ba ya cin abinci, ka tambaye shi abin da ke damunsa." Mama, kin tambayi wanda ya sani, na ce miki gajiya ce.

Da na je, ya ce mini, "Ina buɗe baki in yi addu'a, sai in ji kamar da bango nake magana." Na ce ya yi haƙuri, Allah ya san nufinmu. Ya ce, "Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Bayan mako uku ya tafi tantin shi kaɗai, ya durƙusa a gaban Alhaji ya ce, "Shingen bai ɓalle ba. Ni na sare shi."

Alhaji ya ce, "Kai da wa?"

Ya ce, "Hannuna ne ya riƙe shebur."

Alhaji ya ce, "Tashi ka fita. Kalas, magana ta ƙare."

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Aka sa wa rijiya kwaɗo. Aka yi ta jifan rufin majami'a. Matan unguwa suka je shagon ɗinkin Zuwaira suka karɓe atamfofinsu, wasu ma an riga an yanka. Mama Rahmatu takan gaida mutane a kasuwa su kau da kai. Babu ɗayansu da ya taɓa shebur.

Mu kuma me muka yi? Majalisa ta zauna. Muka ce dole unguwa ta ga ikilisiya ba ta goyon bayan wannan aiki. Muka sauke shi daga dattijo, muka sa shi ƙarƙashin horo na shekara guda. Mu ukun nan muna cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Ni na rubuta takardar, ni na tashi na karanta ta a gaban jama'a. Yana zaune a bencin baya, yana kallona.

Ya kasance mai gyara abin da ya ɓata. Da ruwa ya janye ya je filin Alhaji da kayan aikinsa, Alhaji ya kore shi. Sai ya koma gefen hanya yana buga tubali yana jerawa, kullum, har tsibin ya fi tsayin mutum. Hajiya Huseina ce daga kan katifarta ta ce, "Alhaji, bar shi ya gina. Mutumin nan in bai gina ba mutuwa zai yi." Shekara biyu da rabi yana kan gidajen nan huɗu, da jan bulo, ya ɗaga musu harsashi har ƙugu. Yana da shekara sittin da takwas, likita kuma ya riga ya gaya masa zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ranar da aka kafa kwanon ƙarshe, Alhaji ya kira shi gaban mutane ya ce, "Usta, na yafe maka duniya da lahira," ya cire kwaɗon rijiya da hannunsa.

Ni fa, sau nawa na ɗauko masa ko da bokitin ruwa? Ko sau ɗaya. Shekara uku ina zagayawa ta bayan makaranta don kada in bi layin nan.

Na je duba shi a asibiti da safiyar wata Talata. Mama ta fita sayen koko, muka rage mu biyu. Na ce, "Usta, me ya hana ka faɗi sunana?"

Ya ce, "Ba a tuba a madadin wani."

Na ce, "Kana ganin Allah ya gafarta maka?"

Ya ce, "Ba gani nake yi ba, na tabbata. Abin da Almasihu ya yi a kan gicciye ya isa. Tun ranar da na faɗa wa Alhaji addu'a ta dawo mini. Amma Huseina ba ta tashi ba, Junaidu. Gafara ta maido ni wurin Allah, ita ba ta mayar mata da ƙafa ba." Ya ja numfashi, sa'an nan ya ce, "Kai fa? Shekara uku kana cin jibi. Yaya kake jinsa a baki?"

Na duba agogo, na ce masa zan dawo gobe. Ban koma ba. Ranar Alhamis ya cika.

'Yan'uwa, ga amsar da na hana shi. Shekara uku ina tashi in yi muku addu'a da muryar da kuke yabawa, ni kuwa na san ba ta wuce rufin nan. Shi da ya faɗa, ya rasa muƙami da aiki da lafiya, amma ya mutu da salama. Ni da na ɓoye, ban rasa komai ba a idonku, kuma ban san salama ba ko ta yini guda. Duk abin da ya koya mana a aji ya cika a kaina.

Alhaji Ummaru, ka tambaye shi, "Kai da wa?" Da ni ne. Ni na kawo shawarar, ni na matsa masa, ni na yi gadi.

Hajiya Huseina, ba ni da abin da zan ce ya tashe ki daga kujerar nan. Bakina ne ya ɗora ki a kanta.

Mama Rahmatu, kin ciyar da ni wata huɗu, ni kuma na bar mijinki ya ɗauki kayan mutum huɗu shi kaɗai har ya faɗi. Zuwaira, 'yata, kin yi shekara uku kina sunkuyar da kai saboda sunan mahaifinki. Ɗaga kanki. A cikinmu huɗu, shi kaɗai ne ya ce kada a yi.

Ba na roƙon ku yafe mini yau. In kun yafe, alherinku ne. In kun kasa, ban ga laifinku ba.

Sauran biyun suna nan a ƙarƙashin rumfar nan. Ba zan kira sunansu ba, kowa da bakinsa.

Fasto, ga littafin majalisa, ga takardar horon da sa hannuna a ƙasanta. Ina roƙon a soke sunan Ilyasu a rubuta nawa. Daga Lahadi mai zuwa a bencin baya za ku same ni.

Muna godiya ga Bulama da ya kashe wutar rikici a lokacin da ta so tashi. Muna godiya ga matan zumunta da suka dafa abinci, da matasan layin ƙasa da suka kafa wannan rumfa, da duk wanda ya tako ƙafarsa. Allah ya mayar da kowa gida lafiya.

Mu yi addu'a.

Ya Allah Uba, mun gode maka domin bawanka Ilyasu, wanda ya faɗi, ya tashi, ya komo gare ka. Ka share hawayen Rahmatu da Zuwaira. Ka sauƙaƙa wa Huseina ciwon da muka jawo mata, ka sāka wa Ummaru da alheri. Mun ce gidanka muke karewa, muka rushe gidajen bayinka. Ka ji tausayinmu. Ka ba 'yan'uwana biyu ƙarfin tashi tsaye tun waɗanda za su roƙa suna da rai, domin ni na makara, wanda ya fi cancanta ya ji maganar nan yana ƙarƙashin ƙasa. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.