Yayana Ya Ci Mutuncin Baƙona Saboda Maganin Korona

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sabi'u tela daga Badarawa.

Ranar Asabar yaron da ke neman 'yata ya zo gaishe ni. Ma'aikacin hukumar kula da magunguna ne. Yayana na zaune, da ya ji inda yaron yake aiki sai ya ture kwanon abinci ya ce, "Au, ku ne! Lokacin korona kuka hana mutane shan maganin zazzaɓin cizon sauro, don Turawa su samu kasuwar allurarsu. Wa zai ƙara yarda da ku?"

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, korona ce ajalin mahaifina. Da maganin yana yi mata, shi zan fara bai wa."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko ruwa bai sha ba ya yi sallama. Har yau bai dawo ba, 'yata kuma sai kuka.

Jama'a, ku ba ni shawara. Yayana ne ya rene ni, ban taɓa ce masa ya yi kuskure ba. Da wane ido zan je gidan yaron nan?