Jijiya Ce Ta Fashe, Ba Jifa Ba Ne

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Umaru mai injin casar shinkafa a Kalgo, da gumina na kafu.

Yayana Bello na Gwandu yana da hawan jini, ya watsar da magani, ga taba, ga gishiri. Suna rigimar iyakar gona da maƙwabcinsa sai ya dafe kai ya faɗi. 'Ya'yansa suka ce jifa ne, suka rufe mutumin da sanduna har suka karya masa hannu. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa.

Yanzu sun rantse in Bello ya cika za su ƙone gidan maƙwabcin. Na ce, "Sai ku fara da ni." Na shimfiɗa tabarmata a ƙofarsa. Jama'a, ku ba ni shawara, don jikin Bello ya tsananta.