Hannun da ke Kaiwa Gindin Buhu

Shugaban ƙungiyarmu ta manoma da 'yan kasuwa, wakilan kamfanonin fitar da kaya, malamanmu, mai ɗakin marigayi, 'ya'yansa da ƙannensa, da ku direbobi da 'yan dako da nake hangowa a bakin ƙofa, assalamu alaikum.

Ina jin an zaɓe ni in yi magana ne don na fi kowa yin faɗa da shi. Duk mun san laƙabinsa, Sai-Na-Taɓa. Ka kawo riɗi ko citta ko ƙaro, ka yi ta rantsuwa, zai naɗe hannun riga ya ce, "Na yarda da kai, amma sai na taɓa." Kuma ba a bakin buhu yake tsayawa ba, sai ya zura hannu har hammata.

Ya kasance mai kula da wannan sito tun muna kawo kaya a amalanke. Ya kasance mai taurin kai, ko iyalinsa ba za su musa ba. Ya kasance mutumin da zai mayar maka da kaya da safe, da yamma ka gan shi a ƙofar gidanka da tamfal a kafaɗa, ya zo taya ka shanya.

Ku tuna shekarar da citta ta yi tsada, shi kuma yana kwance a asibiti. Muka ɗura ta a buhu ba ta gama bushewa ba. Sauri ya haifi nawa. Ta yi makonni a rufe cikin kwantena a kan teku, ta isa ƙasar masu saye duk ta yi funfuna, suka dawo mana da ita. Da aka sallamo shi bai zagi kowa ba. Ya tara mu a farfajiyar nan, ya sa aka buɗe kwantenar, ya ce, "Kowa ya matso ya shaƙa. Wannan warin shi ne sunanmu a ƙetare." Wallahi da zagin ya yi, da ya fi mana sauƙi. Shi ya yi ta bin masu sayen nan da haƙuri har suka dawo.

Ba zan ɓoye muku ba, tun da ya rasu muke cikin fargaba. Masu saye sun aiko suna tambayar wa ke duba kaya yanzu. In ba mu da amsa, amfanin bana a sito zai kwana.

To, makon jiya ƙanensa ya kawo riɗi, ya tarar da babbar 'yar marigayi a bakin sikeli. Ya ce, "'Yata, ai kayan gida ne, a wuce da shi." Tana hawaye ta naɗe hannun riga ta ce, "Baffa, na yarda da kai, amma sai na taɓa." Ta ji danshi a ƙasa, ta ce a koma shanya. Ga baffan nata nan zaune. Shi da kansa ya zo ya ba ni labari, yana dariya yana share ido.

Hajiya, ki yi haƙuri, rashin nan namu ne gaba ɗaya, kuma muna kewarsa. Ke kuma 'yarmu, kada ki ji kunyar kowa, har da ni. Wakilan kamfanoni, kun ji amsarmu.

Mun gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa dangana. Ranar da za a zura hannu cikin buhun ayyukansa, Allah ya sa a tarar da shi tsab har gindi. Amin.