Faranti Bakwai da Aƙilu Ya Bari a Duhu

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Allah gafarta Malam Liman, malaman jami'a abokan aikin marigayi, Hajiya Muhibba uwargidansa, 'ya'yansa Haidar da Nabiha, maƙwabta, ina yi muku sallama. Ku gafarce ni, a zaune zan yi magana.

Sunana Ɗahiru. Mu goma sha biyu muka shiga makarantar kwana tare da Farfesa Aƙilu. Da muka binne shi kwana arba'in da suka wuce, na waiga ban ga ko ɗaya ba.

Ya kasance mai duba abin da muke takawa. Shekara talatin yana nazarin funfuna, ba ta kan tuwon da ya kwana ba, wadda ke cikin ƙasa tana kare saiwar tumatir daga ruɓewa. Manoman rani da yawa sun ci amfanin aikinsa ba su san sunansa ba.

Ya kasance mai haƙuri da tsiyata. Na taɓa ce masa, “Mutane na kiwon shanu, kai kana kiwon abin da ake zubar da tuwo saboda shi.” Ya ce, “Shigo ka gani, amma ja ƙofar, kai da haske kamar fara.” A ɗakin bayan nan da ke ƙarƙashin mangwaro ya nuna mini farantai na gilashi da yake kiwonta a ciki. Funfunar da ke duhu fara ce fat, zarenta na ta yaɗuwa tana cin abincin da ya zuba mata. Wadda ta ga rana, ko na ɗan lokaci, ta rage tafiya, ta koma kore, ta shiga fitar da iri. Ya ce, “Ba ta da ido, Ɗahiru, amma ta san gari ya waye, har cinta yana canjawa.” Abin da yake nema shi ne gwargwadon duhu da hasken da zai sa ta fi amfanar manomi.

Ya kasance mai baƙi, kuma baƙin nan ne suka cika gidan ranar rasuwarsa. Aka rasa inda za a sauke mutanen ƙauye. Aka buɗe ɗakin baya, aka ji warin danshi, aka yaye baƙin labule, aka wangale tagogi don ya sha iska, kamar yadda kowane gidan mutunci zai yi. Ina zaune ina gani. Kafin in lalubo sandata an gama. Bayan kwana biyu faranti sittin sun yi kore. Hajiya, ba laifin kowa ba ne, kada ki ƙara kuka a kan wannan.

Bakwai sun tsira, domin suna cikin akwatin ƙarfe. Suna gidana. Kowane mako uku sai an ɗebi kaɗan an sake musu sabon faranti a ƙarƙashin jar fitila, in ba haka ba su mutu. Na yi sau ɗaya, yadda na sha ganin yana yi. Ɗaya ya suɓuce mini ya fashe. Da can takwas ne, shi ya sa yanzu saura bakwai.

Haidar, na san aikinka yana Legas. Nabiha, 'yata, ke kika riƙe masa littafinsa da idonsa ya raunana, kin san rubutunsa. Malaman jami'a, kuna da ɗakunan da ni ba ni da su. Ranar Laraba wa'adin sake musu faranti zai cika. Ƙofata a buɗe take, ba mai shigowa tun da ya tafi. Wani ya zo ya ɗauki akwatin, kada ya buɗe shi a hanya.

Na gode da kuka saurari tsoho. Ya Allah, bawanka Aƙilu ya yi shekara talatin a ɗaki mai duhu domin wasu su ci abinci. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka cika shi da haske. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.