Ta Zo ta Uku a Aji

A kan bencin jiran ganin likita, wata malama ta ɗora takardun jarrabawa a cinya tana dubawa. Wani direba da ke gefenta ya daɗe yana hararar jan bironta kafin ya tanka.

"Ku ne malaman makaranta, ko? Wallahi ku ji tsoron Allah! 'Yata tana aji shida, wai ita ce ta uku a jarrabawa. Jiya na miƙa mata takardar maganin uwarta, ko layi ɗaya ta kasa karantawa."

Malamar ko ɗagowa ba ta yi ba. "Malam, yara ɗari da goma ne a ajina, rabinsu a ƙasa suke zama. An kuma hana mu sa kowa ya maimaita aji. Tsaga kaina zan yi?"

"To ku daina rubuto mana ƙarya a katin sakamako!"

"Kai fa? A gidanka take kwana. Sau nawa ka buɗe littafinta ka ce ta karanta maka?"

"Da na iya karatun, me zai sa in kawo muku ita? Shekara shida ina yawo da katin nan ina nuna wa abokaina a tasha!"

Malamar ta rufe biron.

"Tsakaninki da Allah, Malama, naki 'ya'yan a makarantar taku suke?"

Ta sunkuyar da kai. "Suna makarantar kuɗi."

"Ashe dai kin sani," in ji direban. Aka kira lambarsa, ya miƙe.