Kan Mutum-mutumin da Na Tono a Rawayya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Inna Kulu, maginiyar tukwane daga Rawayya.

Bara ina haƙar yumɓu a bakin rafi, sai na tono kan wani tsohon mutum-mutumi, har da tsage a kumatu. Maigidana ya ce, "Kulu, gunki ne, ba zai kwana gidana ba." Sau uku ina kai shi gidan adana kayan tarihi a Gusau, kullum sai a ce jiha sabuwa ce, babu wurin ajiya tukuna.

Malam, na gaji da zirga-zirga. Amma magini irina ne ya gina shi, na kasa fasa shi. Masu sauraro, ina zan kai shi?